Gaisuwar da Na Aika wa Malamar Nafisat

Talata, 2 ga Yuli, bayan sallar asuba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Sallama mai ƙamshi irin na ƙasar da ruwan fari ya taɓa, zuwa gare ki Uwata, 'yar farina, mai sunan mahaifiyata, wadda bakina bai taɓa furta sunanta na yanka ba yau shekara ashirin da huɗu. Ina gaishe ki gaisuwar da ta tashi daga gindin duwatsun Kazaure, ta ƙetare hamada da teku, har ta iske ki a ɗakinki na ƙasar Jamus. Ina fatan kin tashi lafiya, idan har barcin ya samu.

Ki yi mini afuwa bisa kutsen da na yi. Na shiga ɗakinki ba da izininki ba, na buɗe akwatinki, na ɗauko wannan littafi naki na lissafi da kika bar rabinsa fari. Ba halina ba ne taɓa kayan 'ya'yana. Amma na kira wayarki sau goma sha ɗaya tun jiya ba ki ɗauka ba, kuma mutum irina in an rufe masa ƙofar magana, ta rubutu kaɗai ta rage masa.

Jiya da la'asar kin aiko wa Innarki saƙon murya. Ta kunna mini shi sau uku, har na haddace shi:

"Inna, sun hana ni zana jarrabawa. Malamata ta kai wani ƙunshi ofishin jami'a, ta ce daga wurina ya fito. Kwamiti zai zauna ran ashirin da uku ga wata. In suka ce na yi ne don ta ƙara mini maki, korata za su yi. Tallafin karatun ya tafi, bizar ma ta tafi. Inna, don Allah ki tambayi Baba me ya aika."

Innarki ta tambaye ni. Na ce gaisuwa ce kawai. Ban yi ƙarya ba.

Na ɗau alƙalami, gari yana wayewa,
Kalmar da ke ƙirji ta ƙi fitowa.

Talata, bayan azahar

Sau goma sha shida. Tana shiga, ba a ɗauka.

Laraba, 3 ga Yuli, hantsi, a ɗakin malamai

Takardun jarrabawar 'yan aji biyar suna gabana tun safe, ban duba ko ɗaya ba. Shekara ashirin da shida ina koyar da adabin Hausa a wannan makaranta, yau ne karo na farko da na karanta baitin ɗalibi ban gane me ya ce ba.

Watanninki na farko nake ta tunawa, lokacin da kike kirana kullum bayan magariba. Kika ce ran da kika fara shiga ofishin malamarki kin durƙusa don ki gaishe ta, ta taso da sauri ta zaci jiri ne ya ɗebe ki. Muka yi dariya, ni da Innarki, ke ba ki yi ba. Kika ce ta ce ki riƙa kiranta da sunanta tsagwaronsa, matar da ta girmi Innarki, kuma harshenki ya ƙi. Kika ce kin ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarki ƙofa da kwanon tuwon da kika tuƙa da garin masara, ta leƙo ta ce ai ba ku yi alƙawarin haɗuwa ba. Kika ce a lokacin sanyinsu rana na faɗuwa tun ana la'asar, a jirgin ƙasa kuwa mutum ɗari a zaune, babu mai ce wa wani sannu.

Sai ran da sakamakon zangon farko ya fito. Ke da kika fita jami'a a Kano da sakamakon da ya sa aka zaɓe ki digiri na biyu a ilimin ruwa da madatsai, da ƙyar kika haye. Kika kira kina kuka.

"Baba, ban san yadda ake zama da mutanen nan ba. Malamata ko gaisuwa ba ta amsawa. In na fara tambayarta iyali sai ta duba agogo. Ina jin ba ta ƙaunata."

Uwata, ki sa kanki a matsayina. Ran da aka kai ni makarantar allo a Roni, mahaifina damin gero ya ɗauka a kansa ya kai wa malam. Ran da na kai ki firamare, da zakara na je. Ba sayen komai ake yi ba. Ana nuna wa malami ne cewa yaron nan yana da mutane, kuma mutanensa sun san darajar mai koyarwa. Na zauna na lissafa, wata takwas 'yata na gaban wata baiwar Allah tana ɗibar iliminta, ni ubanta ko goro ban aika ba. Kunya ta kama ni. Na ce lallai daga nan ɓarakar take.

Na hau babur na je Gwiwa, na zaɓi zanen saƙi mai baƙi da fari wurin wani tsohon masaƙi. Na biya Roni, maƙerin farfarun unguwarmu ya ƙera mini awarwaron azurfa. Na kai Kano, wani kamfanin aika kaya ya karɓa. Adireshin ofishinta na kan takardar ɗaukarki.

Akwai kuma 'yar takarda a ciki. Takarda ce kawai.

Alhamis, 4 ga Yuli, bayan la'asar

Ma'u ya zo, taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda tun muna yara bai taɓa barin laifina ya kwana ba. Innarki ta riga ta gaya wa matarsa. Ya jingine babur, ya zauna a kan tabarmata ba tare da na ce bismillah ba.

"Sarkin baitoci, an ce ka aika wa Jamusawa toshi."

"Gaisuwar malami ce, Ma'u."

"Gaisuwa da azurfa? Ni shekara hamsin ina gaishe ka, ko ƙwandala ba ka taɓa ba ni ba. Da ni ka aika wa, wallahi da na ci da yarinyar nan jarrabawa har ta likita."

Na ce masa ba ranar wasa ba ce. Ya dube ni, ya daina dariya.

"Yaushe kayan suka isa?"

"Kwana goma kafin jarrabawa."

"Kwana goma." Ya cire hularsa ya sosa kai. "Mamuda, ka rubuta musu ka ce kai ne. Uba ne ya yi kuskure, yarinya ba ta sani ba. Shi ke nan. Ai sunanka na jikin kayan, ko?"

Na ce masa hadari ya haɗu, gara ya kama hanya kada ruwa ya tare shi.

Juma'a, 5 ga Yuli, kafin a tafi masallaci

Wani Bafulatani daga rugar bayan madatsar ruwa, mahaifin ɗalibina Yakubu, ya zo da ƙwaryar ƙwan zabi. Kowace damina yana kawowa, kowace damina ina karɓa in sa albarka. Takardar jarrabawar Yakubu tana cikin jakata, ban duba ta ba tukuna.

Na tsaya a zaure hannuwana a baya. Ya miƙo, ban miƙa ba.

"Malam, ko sun yi kaɗan ne?"

Na ce a'a. Na ce Allah Ya saka. Na karɓa, domin in na mayar masa zai tafi da ciwon da ba shi da magani, zai ce malamin ɗansa ya raina shi. Na kai ƙwaryar cikin gida. Na kasa cin ko ɗaya. Mutumin nan bai zo sayen maki ba, na rantse da wanda raina ke hannunSa. To ni ma ai haka.

Asabar, 6 ga Yuli, hantsi

Ban kira ba yau. Na ga kamar ƙarar wayar ma wani nauyi ce a kanki.

Lahadi, 7 ga Yuli, bayan azahar

Baƙuwar lamba mai tsawo ta kira ni. Na zaci ke ce, har wayar ta kusa suɓucewa. Muryar wata yarinya ce, Hausarta irin ta mutanen Jos.

"Baba, ina wuni. Sunana Purity, ni ce muke ɗaki ɗaya da Nafisat. Ba ta san na kira ba. A wayarta na saci lambar."

Na tambayi lafiyarki. Ta ce kina cin abinci in ta matsa miki, kina fita ɗakin karatu ki dawo, ba ki yi wa kowa magana.

"Baba, ka yi haƙuri, zan faɗi abin da ya fi ƙarfin bakina. A nan malami ba ya karɓar kyautar ɗalibi, ballantana dab da jarrabawa. In ya karɓa ya ɓoye, aikinsa ne zai tafi. Matar nan ba mugunta ta yi ba, doka ta bi. Kuma sun riga sun kira Nafisat sau ɗaya, mutum biyu suka yi mata tambayoyi. Ni na raka ta."

"Me ta ce musu?"

"Ba ta ce komai ba, Baba. Sun tambaye ta wa ya aiko, ta sunkuyar da kai. Sun ce ke kika rubuta takardar nan, ta yi shiru. A nan in ka ƙi kallon mutum a ido, cewa suke kana ɓoye abu. Da muka fito na ce, Nafisat, ki buɗe baki ki ce babanki ne mana! Ta ce, Purity, ni in tsaya gaban baƙi in ce ubana ya yi ƙarya da sunana? Gara su kore ni."

Na ƙara manna wayar a kunnena.

"Baba, kana ji na? Wace takarda ce wannan? Sun ce da sunanta a ƙasa."

Na ce ina ji. Na ce Allah Ya yi mata albarka. Na ce katin wayarta zai ƙare.

Litinin, 8 ga Yuli, bayan asuba

Innarki ta ji komai jiya, tana bayan labule. Yau da na dawo daga masallaci na same ta zaune a bakin gadona, ko koko ba ta dama ba.

"Malam, shekara ashirin da biyar ban taɓa bincikenka ba. Me ka rubuta a takardar?"

To ga shi, Uwata. In zan faɗa wa Innarki, dole in faɗa wa littafinki. Baiti huɗu ne, da Hausa a sama, da fassarar Turanci da na yi da kaina a ƙasa:

Ya malamata, fitilar ɗalibai,
Ga 'yar gaisuwa daga ƙasar iyayena.
Ran jarrabawa in na zo gabanki,
Ki dube ni da rahama, ki tuna da sunana.

A ƙarshe na sa: daga ɗalibarki mai biyayya. Na rubuta sunanki. Nawa bai fito ko'ina ba. Haka ake yi. In uba ya saya wa malami abu, hannun yaro yake ba wa ya miƙa, domin albarkar ta sauka a kan yaron. Ni me zan yi da albarkar malamar Jamus?

Innarki ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Ba ta hana ka ba?"

Kin hana ni. Ran da na ce zan aika wa malamarki wani abu, kika ce, "Baba, don Allah kada ka yi, a nan ba a yi." Na ce to. Na ɗauka kawaici ne irin na 'ya'ya masu tarbiyya, waɗanda ba sa son ɗora wa iyaye nauyi. Na ce a raina, yarinya ce, wata takwas kawai ta yi a can, me ta sani game da malamai? Ni malami ne.

"Ita tana can tana rufa maka asiri," in ji Innarki, "kai kana nan kana rufa wa kanka. To wa zai rufa mata nata?"

Ta tashi ta fita. Ba ta taɓa fita daga ɗakina ban sallame ta ba sai yau.

Talata, 9 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Yau ce ranar jarrabawar. 'Yan ajinki suna zaune yanzu. Ke kina ina?

Alhamis, 11 ga Yuli, bayan la'asar

Kwana biyu na yi ina tsara wasiƙa zuwa ga kwamitin. Shafi huɗu. Na buɗe da yabon ƙasarsu da kogunanta, na kira su taurarin adalci, na kawo tarihin girmama malami tun daga kakanni, na rufe da baiti shida. Ban taɓa rubuta Turanci mai kyan wannan ba.

Na kai wa Silvanus, mai shagon kwamfuta na bakin tasha, wanda ya cike miki takardun tafiya bara. Ya sa tabarau, ya karanta har ƙarshe, ya ajiye.

"Malam, in buga maka ko in gaya maka gaskiya?"

"Ka yi duka biyu."

"Wannan wasiƙar wani awarwaron ne. Za su ce uban ma ga shi yana shafa mana mai. Kuma na karanta shafi huɗu, har yanzu ban ga inda ka ce kai ka sa sunanta ba."

"Yana shafi na uku. Na ce alƙalamin uba ya yi tuntuɓe a kan hanyar ƙauna."

"Malam, Bajamushe zai je neman inda alƙalamin ya faɗi ne." Ya jawo farar takarda. "Na yi aiki da su shekara shida a kamfanin gina hanya. In injin ya lalace ba sa son jin tarihin injin. Wa ya taɓa, yaushe, me ya sa. Faɗa mini, in rubuta."

Layi bakwai muka tashi da su. Ni ne mahaifinta. Ni na sayi kayan ran kaza, ga rasit. Ni na aika daga Kano, ga takardar kamfani. Ni na rubuta waƙar. Ni na sa sunanta. Ba ta sani ba. Ta hana ni, na ƙi ji.

Na ce ko baiti ɗaya a bari a ƙasa, don kada ta tafi tsirara.

"Ko rabi," in ji Silvanus.

Na sa hannu. Ya tura ta adireshin kwamitin da Purity ta aiko mana. Ban taɓa jin na tsufa ba sai da na ga rayuwata a layi bakwai.

Asabar, 13 ga Yuli, hantsi

Shiru. Silvanus ya ce ba sa aiki Asabar da Lahadi, ko gobara ake.

Litinin, 15 ga Yuli, bayan azahar

Shiru. Na je gona a Roni don in daina kallon waya. Geron ya kai gwiwa. Na kama fartanya, na nome kunya biyu, na tarar rabin abin da na sare gero ne.

Laraba, 17 ga Yuli, ƙarfe goma sha ɗaya

Sun amsa, layi uku. Sun karɓi bayanina. Amma sun ce iyaye kan ɗauki laifin 'ya'yansu, don haka takarda kaɗai ba ta isa ba. Suna so in bayyana ta hoton bidiyo ran Talata, ƙarfe goma nasu, tara namu. Kuma suna so su ji daga bakin ɗalibar da kanta.

Daga bakinki. A gabana.

Innarki ta tura miki saƙo cewa na yarda ki faɗi komai. Kin saurara, alamar ta nuna. Ba ki amsa ba.

Juma'a, 19 ga Yuli, bayan la'asar

Na zauna in yi baiti ko ɗaya, don in ji ko ina nan. Babu. Amsa-amon ya zo, maganar ta ƙi zuwa.

Litinin, 22 ga Yuli, kafin magariba

Na fito da babbar rigata ta shadda mai aska takwas ina kakkaɓewa, sai ga Ma'u.

"Ina za ka, naɗin sarauta? Mai da ta akwati. Mutumin da zai ce na yi laifi ba ya shiga rigar da ta fi ƙofa faɗi."

"To tsirara zan je?"

"Farin kaftani da hula. Kuma in ka ji baiti na taso maka, ka yi tari." Sannan ya ce, "Gobe ni zan kai ka. Hannunka ba na riƙe babur ba ne."

Talata, 23 ga Yuli, bayan azahar

Zan rubuta shi yadda ya faru, tun ban fara yi masa ado ba.

Ruwa ya sauko tun asuba. Ma'u ya kai ni shagon Silvanus muna jiƙe. Babu wuta, ya ta da janareta. Tara saura minti biyar hoton ya ƙi fitowa, wani abu na ta juyawa a tsakiyar allon. Silvanus ya fita cikin ruwa, ya ɗaure wayarsa a kan gora ya ɗaga ta saman rumfa. Ma'u ya riƙe gorar. Tara da minti huɗu hoton ya buɗe.

Dogon tebur. Mutum uku a gefe guda, shugabansu wani dattijo mai farin gashi. Malamarki a ƙarshen tebur, siririya, ba irin fuskar da na zana mata a raina ba. Ke kuma a ɗaya gefen, cikin hijabinki ruwan toka. Kin rame. Kanki a ƙasa.

Dattijon ya ce in faɗi sunana da dangantakata da ɗalibar, in kuma faɗi cikakken sunanta. Na buɗe baki na rufe. Ya maimaita. Na faɗa. Nafisat Mamuda Roni. Na ga kafaɗarki ta motsa.

Ya tambayi wa ya sayi kayan. Na ce ni. Wa ya rubuta waƙar. Ni. Me ya sa na sa sunan wani a abin da na rubuta. Na ce a wurinmu uba yakan ba da kyauta ta hannun ɗansa. Ya ce, to me nake nufi da a dube ta da rahama ran jarrabawa? Na ji jawabi mai tsawo yana taso mini, da kakanni da damin gero da komai. Na yi tari. Na ce, na ji tsoro ne. 'Yata tana kuka a waya, tana ƙasar da ba ta da kowa, ban san abin da zan yi mata ba, sai na yi abin da na iya. Na ce kuskure ne, kuma nawa ne.

Ya rubuta. Sannan ya juya gare ki.

"Kin san za a aiko da wannan ƙunshi?"

Shiru. Ruwa na dukan kwanon shagon. Ya sake tambaya. Shiru. Na ga matar da ke kusa da shi ta dubi abokin zamanta, ta rubuta wani abu. Na san me take rubutawa.

Ban nemi izini ba. Na yi magana da Hausa.

"Uwata, ɗaga kanki. Dube shi a ido. Ki faɗa masa abin da kika ce mini da abin da na yi. Ba rashin kunya ba ne, ni na umarce ki. In kika yi shiru, kin saɓa mini."

Dattijon ya ɗaga hannu, ya ce dole in fassara abin da na faɗa. Na fassara, kalma da kalma. Na ƙara da cewa a gidanmu yarinya ba ta kallon babba a ido, kuma ba ta ƙaryata ubanta a gaban mutane, ko da wuƙa a wuyanta. Na ce shirun nan da suke gani, ni na koya mata shi.

Sai kika ɗago. Idanunki sun yi ja. Kika dubi dattijon, ba ki dube ni ba. Kika yi magana da wani Turanci mai kaifi da ban san kina da shi ba.

"Ban sani ba. Ya ce zai aiko, na ce kada ya aiko. Ban ga takardar ba sai a wannan ofis. Ban rubuta ta ba. Mahaifina ne ya rubuta, ya sa sunana."

Muryarki ta karye a kalmar ƙarshe. Wallahi, Uwata, ban taɓa jin baiti mai daɗin wannan ba, kuma ban taɓa shan mari mai zafinsa ba.

Malamarki ta nemi magana. Ta ce wata tara tana zaton ba ki son darasinta, domin ba ki taɓa kallonta ba, ba ki taɓa yi mata musu ba, ita kuwa ɗalibin da ba ya musu tana ɗauka bai karanta ba. Ta ce ba ta san wannan ba. Ba ta ce komai game da zanen ba.

Dattijon ya ce za su sanar cikin kwana uku. Allon ya yi baƙi. Ma'u ya shigo yana ɗigar ruwa, ya ce hannunsa ya mutu, kuma a rubuta a tarihi cewa shi ya riƙe Jamus da gora. Babu wanda ya yi dariya, har shi.

Laraba, 24 ga Yuli, hantsi

Kwana ɗaya.

Alhamis, 25 ga Yuli, hantsi

Kwana biyu. Na duba takardun 'yan aji biyar duka. Yakubu ya ci arba'in da takwas. Na sake dubawa sau biyu, arba'in da takwas ne.

Juma'a, 26 ga Yuli, bayan sallar Juma'a

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Purity ce ta kira, tana ihu har Innarki na ji daga madafa. Ba su kore ki ba. Sun ce ba su sami laifi a kanki ba. Tallafin yana nan. Amma jarrabawar ta wuce ki, sai watan Oktoba, gaban wani malamin daban, don haka hutun da kika yi niyyar zuwa gida a can za ki yi shi kina karatu. Wata uku na ranki na ci, da ganin Innarki da kike ɗoki. Wannan ba kwamiti ne ya yanke ba, ni ne.

Na ce ta ba ki wayar. Na ji tana kiranki, ta dawo ta ce kin shiga wanka. Innarki ta karɓi wayar ta shiga ɗaki, ita kam kika amsa mata, kuka yi rabin sa'a kuna magana. Da ta fito ta ce, "Ba fushi take ba, Malam. Kunyarka take ji. Ta ce ta ƙaryata ka a gaban Turawa, ba ta san da wane baki za ta gaishe ka ba."

Saboda haka gobe zan kai wa Silvanus waɗannan shafuka ya ɗauki hotonsu ya tura miki, har da wuraren da ban fito da kyau ba. Ba ki ƙaryata ni ba, Uwata. Gaskiyata kika faɗa, wadda na yi kwana shida ina kewaye ta.

Abu ɗaya ya rage da ya hana ni sukuni. Matar nan ta koyar da ke wata tara, kuma ran Talata ta buɗe baki ta faɗi nata kuskuren a gaban abokan aikinta, ba wanda ya tilasta ta. Har yanzu gidanmu bai gode mata ba, kuma ni ban san yadda ake yi ba. Ke kika zauna da su, ke kika sani. Ki koya mini yadda ake gode wa malami a can: me ake faɗa, layi nawa, yaushe, da sunan wa. In kuma ba a yi sam, ki ce ba a yi, wannan karon zan ji.

In baki ya yi miki nauyi, hannu ba zai yi ba. Ki rubuto mini amsa da gaggawa, ko layi biyu ne, ta wurin Silvanus. Zan je shagonsa Litinin da hantsi, in zauna a kan bencinsa har ta iso.

Mahaifinki,
Mamuda